Motar Da Ba Ta Ɗaukar Baba

Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, ma'aikaciyar gashin ƙashi, mai motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi, ta tsayar da iyalinsa a bakin ƙofa ta faɗa musu magana ba ɓoye-ɓoye. Ta ce shanyewar ɓarin jiki ba ta jiran kowa. Ƙafarsa ta hagu da sauran rai a cikinta, amma watannin farkon nan su ne komai. Idan ana kawo shi gashi a kai a kai, a gida kuma aka kafa masa ƙarfe a jikin bango yana riƙewa yana jan ƙafar, to da yardar Allah zai taka. Idan aka yi sake jijiya ta ƙage, sai dai keken guragu har abada.

Yaya, babbar 'yarsa, wadda aure ya kai gari mai nisa, ba ta koma ba sai da ta sayo dogayen bututun ƙarfe masu kauri, aka jera su a gindin bangon barandar da ta tashi daga ɗakin Baba zuwa falo. Saura a kira mai walda ya kafa. Auta, ƙaninta, wanda yake zaune a gidan tare da matarsa, ya daki ƙirji.

"Yaya, ki tafi hankali kwance. Mene ne amfanina a gidan nan? Ga mota, ga ni."

Matar tasa tana gefe riƙe da takalman Baba, tana gyaɗa kai. Tela ce, a gida take ɗinkinta, kuma ko da yake aurensu ya kwana biyu, Baba bai daina kiranta Amarya ba. Ta gyaɗa kan nan da zuciya ɗaya, domin a ranar ita ma ta yarda.

Motar da Auta ke nufi wata 'yar ƙarama ce mai ƙofa biyu, irin ta masu son gudu, ja jawur, har abokansa suka raɗa mata 'Yar Ja. Ba sabuwa ya saya ba, kuma a nan gizo yake saƙar. Motar da ta zo da sauran gyara ita ce ke cinye mai ita. Auta ma'aikacin ofis ne, bai taɓa zama a garejin kowa ba, amma ya kalli bidiyon gyaran mota a waya har ya zama abin da abokansa ke kira Injiniya. Da ya dawo aiki zai cire riga ya shige ƙarƙashinta. Yau a sauya fitila, gobe a manna baƙar leda a gilashi, jibi a sa salansar da idan ta yi tari sai karnukan layi sun amsa.

Da farko an riƙa zuwa gashin. Da wahala dai, amma ana zuwa. A naɗe keken Baba a cusa a kujerar baya, a tallafo shi a zaunar a gaba. Baba tsohon direba ne, ƙarar inji ba ta ba shi haushi. Bakinsa ya ɗan karkace, maganarsa na fita a hankali, amma yakan shafa gaban motar da hannunsa mai lafiya ya ce, "Yaro, wannan ai doki ce." Sai Auta ya washe baki kamar an ba shi sarauta. A lokacin har Baba ya fara tsayuwa a tsakanin ƙarafan asibiti, yana ɗaga ƙafar kaɗan.

Sai wata Asabar Auta ya ɗage motar a kan jak, ya yanke sifirin ɗin ƙafafunta, ya sauke ta har cikinta ya kusa shafar ƙasa. Ya ƙara mata wani faffaɗan leɓe a ƙasan bamba. Ya kira Amarya ta zo ta gani, kuma gaskiya ta yi kyau, ta kwanta luf kamar kyanwar da ta hango ɓera. A zuwa gashi na gaba, tudun rage gudu da ke ƙofar asibiti ya kankare leɓen nan, ji kake ƙurrr. Auta ya fito ya durƙusa yana shafa wurin, Baba na ciki yana jira, motoci na ta yi musu ham a baya.

"Wannan makon dai a haƙura," in ji shi da suka dawo. "Sai na ɗan ɗaga ta. Ai fashi ɗaya ba ya hana warkewa."

Bai ɗaga ta ba. Abin da ya yi shi ne ya cire kujerun baya gaba ɗaya, ya kafa wani akwatin sifika a wurin, ya lulluɓe da baƙin kafet. Keken Baba ya rasa wurin zama. Bayan nan ya samo kujerun gaba irin na motocin tsere, masu zurfi da tudu a gefe, waɗanda mai lafiya ma sai ya yi dabara yake fita daga ciki. Amarya ce ta ɗinka musu riguna, baƙin yadi da jan zare, ta zauna ta ƙawata su iya gwanintarta, domin mijinta ya ce duk garin babu mai hannunta. Mace ba ta ƙin yabon miji, kuma ita ma tana jin daɗin yadda ake juyowa ana kallonsu idan sun fita da yamma.

Sau ɗaya aka gwada sa Baba a sabuwar kujerar. Ya faɗa ciki kamar wanda aka jefa a kwando. Da za a fito da shi sai da maƙwabci ya kama, aka ja hannun da ya shanye, Baba ya yi wata ƙara da Amarya ba ta taɓa jin ya yi ba. Kafaɗar ta kumbura.

"Kin gani ko?" Auta ya ce mata a kicin, yana wanke baƙin mai daga hannunsa. "Zirga-zirgar nan wahalar da shi kawai take yi. A bar shi ya huta, jiki ya yi ƙwari."

"To mu ɗauki tasi mana."

Ya juyo ya dube ta kamar ta zage shi.

"Ina da mota a ƙofar gida a ga ubana a tasi? So kike a yi da ni a layin nan? Ki bari, wata mai zuwa zan ari ta abokina."

Ta san ita kaɗai ba za ta iya ɗaga Baba ba, ta kuma san idan ta ja maganar za a yi kwanaki ana cin abinci ba a kallon juna. Sai ta zaɓi zaman lafiya, wanda a gidan nan ma'anarsa a bar Auta da motarsa.

Yaya takan kira duk mako, kuma wayar Amarya take kira, domin ta ce mata sun fi sanin ciwo.

"Ya jikin Baba? Ana dai zuwa gashin ko?"

"Da sauƙi, Yaya. Ana zuwa."

Karo na farko da ta faɗi haka, sai da ta ji bakinta ya yi ɗaci. Ta lallashi kanta cewa ai ba ƙarya ba ce tsantsa, an je a baya kuma za a koma. Na biyu bai kai na farko ɗaci ba. Daga baya har ƙari take yi, ta ce ma'aikaciyar gashi ta yaba.

Ƙarafan nan kuwa suna nan a baranda inda aka jera su, ƙura na hawa. Duk safiya idan ta kai wa Baba shayi, ta turo shi ƙofar ɗaki ya sha iska, idonsa a kansu yake sauka.

"Amarya, mai waldar bai zo ba?"

"Zai zo, Baba. An ce ya yi tafiya."

"To. Allah ya dawo da shi lafiya."

Mai walda ya zo, amma ba don Baba ba. Masu irin waɗannan motoci sun sa ranar taruwa a wani fili a bayan gari, kowa ya baje tasa a gani, kuma Auta ya ƙudurta sai ya kafa wa 'Yar Ja ƙarafan kariya a ciki, irin waɗanda ake gicciyawa a motocin tsere. Ya zaga bai samu bututun da ya yi masa ba. Wata safiya Amarya ta fito ta same shi tsugune a baranda da abin awo a hannu.

"Ba dai na Baba ba?" ta ce da shi ƙasa-ƙasa.

"Aro zan yi. Kaurinsu ɗaya da wanda nake nema, kamar don ita aka yanko. Ana gama taron nan zan sayo wasu, har waɗanda suka fi su. Yanzu ma ai ba tsayuwa yake yi ba, kafaɗa ba ta sake shi ba. Zo ki kama min nan."

Abin da ya fi ci mata rai daga baya shi ne ba tilasta ta ya yi ba. Ta kama. Suka fitar da su ɗaya bayan ɗaya, a hankali don kada su yi ƙara, suka wuce ta gaban ƙofar Baba da ke rufe. A garejin gidan ta danne ƙarshen bututun da hannu biyu, shi kuma ya kunna injin yanka, tartsatsin wuta na tashi, ƙarar ta cika gidan. Tagar Baba tana kallon garejin. Hausawa sun ce abokin ɓarawo ɓarawo ne, kuma ba su ware wanda ya riƙe don a zauna lafiya ba.

Washegari da ta turo Baba ƙofar ɗaki, ya dubi gindin bangon. Babu komai sai dogon zane a ƙasa inda ƙura ba ta sauka ba. Ta tsaya tana jiran tambaya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shayin yau ya yi daɗi. Daga ranar bai sake tambayar mai walda ba.

Amma bai haƙura da ƙafar ba. Idan ya ji ƙarar keken ɗinkinta, ya san ba mai ganinsa, sai ya ja kekensa zuwa taga, ya kama ƙarfen tagar da hannu ɗaya, ya yi ta ƙoƙarin miƙewa. Wata rana da hantsi ta ji faɗuwar abu mai nauyi. Ta same shi a ƙasa, keken ya zame gefe, wandonsa ya jiƙe. Suruki da matar ɗa, kunya ta rufe su duka biyun. Ya kawar da kai ya ce, "Kira min shi."

Ta ruga gareji. Ƙafafun Auta kaɗai ake gani a ƙarƙashin mota.

"Baba ya faɗi! Taso!"

"Subhanallahi. Ya ji ciwo?"

"Ban sani ba, yana ƙasa dai."

"Ga ni nan, bari in ɗaure notin nan, in na saki yanzu gaba ɗaya zai faɗo."

Ba wani daɗewa ya yi ba. Amma Amarya ta koma ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ta kasa shiga ta kasa tafiya, tana jin numfashin tsohon a kan siminti da ƙarar sifana daga waje, kuma ta san ko za ta manta komai ba za ta manta wannan ba. Da Auta ya zo ya ɗaga shi, har da hawaye a idonsa, domin ba wai ba ya son ubansa ba ne. Yana son sa. Sai dai son da ba ya iya ajiye sifana bai cika amfanar mara lafiya ba.

Faɗuwar nan ta ba su sabuwar hujja, kuma ta fi duk na baya kyau. Auta ya matsar da gadon Baba nesa da taga, ya ce kada a sake barinsa ya gwada tashi, lafiyarsa ake ji. Amarya ta amsa da to. Yanzu idan zuciyarta ta tsikare ta, tana da abin da za ta ce mata.

Ƙafar ta fara sauyawa a gaban idonta. Ita ce ke shafa masa mai a sawu, don haka ita ta fara gani. Tafin ya karkace ciki, yatsun sun nuna ƙasa, dunduniya ta ƙi taɓa matakin keke. Gwiwar ta lanƙwashe, idan ta ɗan ja don ta miƙe sai Baba ya cije leɓe. Wata safiya takalmin ya ƙi shiga. Ta tura shi ƙarƙashin gado, ta sa masa safa. A lokacin ita ma tana fama da laulayin ƙaramin ciki, sai ta riƙa cewa da kanta idan ta ji ƙarfi za ta tsaya tsayin daka a kan maganar.

Ranar taron motoci, Auta ya ce dole ta je ta ga aikin hannunta. Suka ajiye wa Baba ruwa da rediyo a kusa da gado. A filin, samari suka yi dafifi a kan 'Yar Ja, suna leƙa ciki, suna ɗaukar hoto. Ƙarafan sun sha jan fenti, sun gicciya daga rufi zuwa ƙasa, suna ƙyalli. Wani ya ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa ya ce, "Injiniya, ina ka samo wannan? Wallahi ko giwa ta jingina ba zai lanƙwashe ba." Auta ya yi dariya ya ce sirri ne. Amarya na zaune a kujerar da ta ɗinka wa riga, sai ta lura hannunta a kan ƙarfen yake, tana dafe da shi don ta gyara zama. Ta janye hannun da sauri. Har suka dawo gida shi bai lura ba, yana ta lissafa waɗanda suka yaba.

Ba a sayo wasu ƙarafan ba. Bayan taro sai aka shiga maganar sababbin tayoyi.

Yaya ta zo ba sanarwa, da tsarabarta da murnarta, tana tsammanin Baba ne zai tarbe ta a tsaye. Da ta yaye bargo ta ga ƙafar, sai ta zauna a bakin gado. Ba ta nemi shawarar kowa ba, ta fita titi ta tsayar da tasi. Direban ya naɗe keken ya sa a but, ya kama aka zaunar da Baba, cikin ɗan lokaci sun isa. Amarya na zaune a baya tana kallon yadda abin ya zo da sauƙi, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Auta ya biyo su a 'Yar Ja, ya ajiye ta a wajen asibiti saboda tudun nan.

Ma'aikaciyar gashi ta kama ƙafar ta juya, ta danna, ta ja.

"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," ta ce daga ƙarshe. "Jijiyar ta ƙage. Za mu yi abin da zai rage masa ciwo, amma maganar tafiya kam, kada in yaudare ku. Ina kuka shiga duk watannin nan? Na yi ta cigiya."

Yaya ta juyo ta dubi Auta, ta dubi Amarya. Auta ya sunkuyar da kai yana juya makullin mota a hannu. Amarya ta buɗe baki ke nan Baba ya riga ta.

"Ni ne," ya ce, a hankali, kalma na bin kalma da ƙyar. "Ni na ƙi zuwa. Gashin da zafi. Su yi shiri, in ce ba ni zuwa. Na hana su faɗa miki."

"Ƙarafan da na saya fa, Baba?"

"Na ce a kwashe. Ba na son ganinsu."

Yaya ta fashe da kuka, kukan ya koma faɗa. Ta ce ba ta taɓa ganin taurin kai irin wannan ba, mutum da girmansa ya zaɓi keke saboda tsoron zafi, ya bar yara suna ta wahala da shi. Ta faɗi abin da a ranar lafiya ba za ta iya faɗa wa mahaifinta ba. Baba ya sunkuyar da kai ya karɓa duka. Amarya ta rufe bakin da ta buɗe. Wannan ne karo na ƙarshe da gaskiya za ta yi wani amfani, ko da na wanke tsohon ne kawai, kuma ta bar shi ya wuce.

Ba da duka kaɗai ake kashe mutum ba. A gidan nan ba wanda ya taɓa ɗaga wa Baba murya, ba a taɓa hana shi abinci ba, kullum da gaisuwa da sannu. Ƙafarsa aka ɗauka kaɗan-kaɗan, yau don leɓen bamba, gobe don sifika, jibi don kada maƙwabta su ga tasi, kuma kowane ɗauka yana da dalilinsa mai daɗin ji. Irin wannan zalunci ba ya ƙara, shi ya sa masu yinsa ke samun barci.

Da Yaya za ta koma, aka turo Baba falo don sallama. Idonta ya kumbura, amma ta huce. Ta ciro atamfa daga jaka ta ɗora wa Amarya a cinya, ta kama hannunta, ta dubi cikin da ya fara turo riga.

"Ni dai ba abin da zan ce miki sai godiya. Kin yi haƙuri da tsohon nan, kin rufa masa asiri har kina yi min ƙarya dominsa. Allah ya sauke ki lafiya. Allah ya ba ki 'ya'yan da za su yi miki yadda kika yi wa Baba."

Auta ya ce amin daga bakin ƙofa, da sauri, idonsa a waje. Amarya ta ji falon ya yi mata zafi. Yaya kuma tana riƙe da hannunta tana jiran ta amsa.

"A'a," in ji Baba.

Duk suka juyo. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Kada ki yi mata wannan. Sake wata. Ki ce Allah ya ba ta masu tausayinta."

"Ka ji ko," Yaya ta ce da Auta, tana girgiza kai. "Ko addu'a sai ya yi gardama."

Ta sake addu'ar yadda ya ce, don a rabu lafiya. Baba ya ce amin, ya shafa fuska da hannu ɗaya. Bai dubi Amarya ba, ita ma ba ta iya dubansa ba. Ta ajiye atamfar a kan kujera, ta zagaya bayan keken, ta kama, ta tura shi zuwa ɗaki.